Sunan Washington daga wani ƙauyen Ingila ya fito, to me ya sa baƙaƙen fatar Amurka suka fi kowa amsa shi?

Ɗan Ƙofar Mata:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Tambaya ce nake da ita kan sunayen dangi na Turawan Ingila, wato sunan nan na ƙarshe da ɗa ke gada daga ubansa har jikoki. An ce da yawansu sunayen garuruwa ne, kamar yadda mu ma muke da su Shagari da Kwankwaso da Tafawa Ɓalewa. Wanda ya fi ɗaure mini kai shi ne Washington. An ce sunan wani ƙaramin gari ne a arewacin Ingila. Idan haka ne, ai kamata ya yi a ce Ingila cike take da masu sunan. Amma duk wani Washington da aka sani, in ka cire shugaban Amurka na farko, baƙar fata ne Ba'amurke: Denzel Washington, Booker T. Washington, Harold Washington da ya yi magajin garin Chicago.

Ina garin yake, kuma mene ne ma'anar sunan? Ta yaya sunan gari ya zama na iyali? Masu sunan a Amurka zuriyar bayin George Washington ne, ko kuwa? In da mai alƙaluma a hannu ya taimaka da su. Allah ya saka da alheri.

Malam Mai Taska:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Bari in ɗauki ɓangaren Ingila, na Amurka in bar wa masu lissafi.

Garin yana nan, tsakanin Newcastle da Sunderland da Durham. A da yana cikin lardin Durham, amma tun 1974 aka sa shi ƙarƙashin Sunderland. Yanzu ba ƙauye ba ne, don a 1964 gwamnati ta ayyana shi cikin sababbin garuruwan da za a faɗaɗa, kuma masana'antar motocin Nissan da aka buɗe a 1986 tana gefensa. Tsohon ƙauyen dai yana nan a tsakiya, da cocinsa da tsohon gidan masu ƙasar.

Sunan gaɓa uku ne a tsohon Turanci. Ta ƙarshe, tun, tana nufin wuri mai shinge, daga baya ta koma gandu ko ƙauye. Ta tsakiya, ing, tana jingina wurin ga wani mutum ko mutanensa. Ta farko sunan mutum ne, masana suna karanta shi Hwæssa ko Wassa. Idan ka haɗa, ka samu "gandun Wassa" ko "gandun su Wassa", tamkar mu ce Gidan Madi ko Tungar wane. A tsofaffin takardu za ka ga an rubuta Wessington, Wessyngton, Wassington, kowane magatakarda da yadda kunnensa ya ba shi. Masu cewa daga kalmar wanki ta Turanci sunan ya fito kamannin rubutun yau ne ya ruɗe su.

Yadda ya zama sunan iyali kuwa a rubuce yake, abin da ba kasafai ake samu ba. Babban kundin ƙidayar filaye na Domesday, wanda aka yi a 1086, bai kai Durham ba. Sai a 1183 Bishop ɗin Durham, Hugh du Puiset, ya sa aka yi masa nasa kundin na filayen da ke ƙarƙashinsa, shi ne ake kira kundin Boldon. A ciki an rubuta cewa wani William de Hertburn ne ke riƙe da Wessyngton, ban da coci da filinta, kuma musanye ya yi: ya bar wa Bishop garinsa na Hertburn, kusa da Stockton, aka ba shi wannan. Sharaɗin shi ne ya biya fam 4, ya fito babbar farautar Bishop da karnukan farauta biyu, kuma in an yi yekuwar gudunmawa kada abin da zai bayar ya wuce sule 13 da kwabo 4.

Ka lura da abin da ya faru da sunansa. Yana Hertburn ana ce masa de Hertburn. Da ya koma Wessyngton sai ya zama de Wessyngton. Wannan de ɗin Faransancin Normawa ne, mutanen arewacin Faransa da suka ci Ingila da yaƙi, daidai yake da "na" a wajenmu, kamar ka ce Mamman na Katsina. Wato a lokacin sunan bai riga ya daskare ba, yana bin ƙasar da mutum ke riƙe da ita. 'Ya'yansa da jikokinsa ne suka riƙe shi har ya zama gado, de ɗin kuma ya zube a hankali cikin ƙarni na 14 da na 15, kamar yadda ya zube daga yawancin sunayen Ingila.

Babban reshen gidan ya ƙare ta wajen maza a 1399, lokacin da Sir William Washington ya mutu ya bar 'ya mace, Eleanor, wadda ta auri wani daga gidan Tempest. Daga nan ƙasar ta bar hannun masu sunan, har aka sayar da ita a 1613. Wannan kaɗai ya amsa rabin tambayarka: fiye da shekara 600 ke nan rabon da masu garin Washington su amsa sunan Washington.

Wanda ya ɗore ƙaramin reshe ne. A ƙarshen ƙarni na 13 wani Robert Washington ya auri 'yar gidan Strickland, ya samu fili a wajen Carnforth da Warton a arewacin Lancashire. Daga zuriyarsa aka samu Lawrence Washington, wanda ya gangara kudu zuwa Northampton ya shiga fataucin ulu, ya yi magajin garin a 1532 da kuma 1545. Da Sarki Henry na 8 ya ƙwace filayen gidajen ibadar ruhubanawa yana sayarwa, sai Lawrence ya sayi gandun Sulgrave a 1539 kan fam ɗari uku da 'yan kai. A bakin ƙofar gidan an sassaƙa tambarin iyalin: zane biyu a kwance, taurari uku a sama. Shi ne aka ɗauka a 1938 aka yi tutar birnin Washington da shi, ja a kan fari.

Abin da ya kai sunan Amurka yaƙin basasar Ingila ne. Wani Lawrence ɗin daga wannan gidan, limamin cocin Purleigh a Essex, yana bayan Sarki, sai majalisa ta kore shi daga muƙaminsa a 1643 bisa zargin yawan shan giya. Gidan ya talauce. Ɗansa John ya shiga aikin jirgin ruwa mai fataucin taba, ya tafi Virginia a 1656. Farkon 1657 jirgin, ɗauke da taba, ya kafe a kogin Potomac. John bai koma ba. Ya auri Anne Pope, surukinsa ya ba su eka 700. John ya haifi Lawrence, Lawrence ya haifi Augustine, Augustine ya haifi George a 1732. George ke nan tattaɓa-kunnen John ne.

Sai dai a kula, ba wannan ne kaɗai Washington a Ingila ba. Akwai wani ƙauye mai sunan a Sussex, can kudu, wanda sunansa ya bayyana tun a takardun ƙarni na 10 kuma yana cikin Domesday. Akwai kuma Whashton kusa da Richmond a arewacin Yorkshire, wanda tsohon rubutunsa ya yi kusa ƙwarai da na Durham. Don haka ko Baturen Ingila mai sunan Washington ba lallai ya haɗa kaka da George ba.

Uwar Lissafi:

Allah ya ƙara sani, Malam. Ga ɓangaren alƙaluma.

Hukumar ƙidayar Amurka tana fitar da jerin duk sunan dangin da ya bayyana sau 100 ko fiye a ƙidaya, tare da yadda masu sunan suka bayyana launinsu. A ƙidayar 2000, masu sunan Washington 163,036 ne, shi ne na 138 a yawa, kuma kusan kashi 90 cikin ɗari baƙaƙen fata ne. A cikin sunaye 1,000 da suka fi yawa babu wanda ya kai shi wannan kaso. A 2010 sun zama 177,386, ƙarin mutum 14,350, amma matsayinsa ya sauka zuwa na 145 saboda sunayen masu asalin ƙasashen Latin Amurka da suka yi tsalle suka wuce shi. Kason baƙaƙe ya ɗan sauka zuwa 87 da rabi, farare kuwa wajen 5. A taƙaice, cikin kowane mutum 100,000 a Amurka kusan 60 Washington ne. A Ingila, inda aka haifi sunan, ko cikin 500 na farko ba ya shiga.

Kada a rikita kaso da adadi, domin nan ake yawan zamewa. A ƙidayar 2000 ɗin, Williams sun haura miliyan ɗaya da rabi, kuma baƙaƙen cikinsu sun haura 700,000, wato ninki huɗu da wani abu na duka Washington. Washington ya yi fice ne a kaso, ba a yawan kawuna ba. Jefferson na biye da shi da kusan kashi 75, Jackson wajen 53. Abin mamaki, Lincoln, wanda ya sa hannu a takardar 'yanta bayi, kashi 14 kacal na masu sunansa ne baƙaƙe.

Yanzu batun ko zuriyar bayin George Washington ne. Lissafi ma bai yarda ba. A 1799, shekarar da ya mutu, bayi 317 ne a gandunsa na Mount Vernon. Daga ciki 123 ne nasa na kansa, su ne wasiyyarsa ta ce a 'yanta, kuma matarsa Martha ta sake su ranar 1 ga Janairu 1801. Sauran yawancinsu dukiyar gidan mijinta na farko ne, Custis, ba shi da ikon sakinsu, aka raba su ga jikokinta. Waɗanda aka san sunayen danginsu cikin mutanen gandun, irin su Lee, Branham, Sheels, Judge da Quander ake gani. Shi kansa George bai bar ɗa na cikinsa ba. Farare masu sunan da ke da alaƙa da shi ta wajen 'yan'uwansa maza da 'yan'uwan ubansa suka zo.

Inda sunan ya yaɗu shi ne bayan yaƙin basasar Amurka. A 1860 bayi sun kusa miliyan 4. Da aka haramta bauta a ƙarshen 1865, sai kowa ya buƙaci cikakken suna na rubutawa: a takardar ƙwadago, a rajistar aure, a rajistar zaɓe, a littafin banki. Wasu dama suna da sunan dangi da suke amfani da shi a tsakaninsu wanda ubangidan bai damu ya sani ba. Wasu sun ɗauki sunan ubangidan ƙarshe, wasu na wanda ya mallaki kakansu, don dangin da aka sayar zuwa wata jiha su iya gano su. Wasu kuma suka ƙi duka, suka zaɓi Freeman ko sunan wani babban mutum. A lokacin babu sunan da ya kai Washington girma a ƙasar. Babban birni sunansa ne tun 1791, gundumomi 31 ne ke amsa shi yau idan an haɗa da ta Louisiana. Mutumin da jiya aka lissafa shi cikin dukiya, yau yana son sunan da ba wanda zai ce ba na ɗan ƙasa ba ne. Suna linzami, ai.

Misalin da aka fi sani shi ne Booker T. Washington, wanda aka haifa bawa a Virginia a 1856. Shi da kansa ya ba da labarin cewa ranar da ya fara shiga makaranta a Malden ya ji kowane yaro yana faɗin suna biyu, shi kuwa Booker kawai ya sani. Da layi ya zo kansa sai ya ce Booker Washington. Mijin uwarsa sunansa na yanka Washington ne, Washington Ferguson, wanda ya nuna wata hanyar kuma: Washington ya daɗe yana yawo a matsayin sunan yanka a cikin bayi, kuma ɗan da ya ɗauki sunan yankan ubansa ya mai da shi na dangi, kamar dai yadda muke yi, shi ma ya zama Washington.

Akwai kuma waɗanda suka same shi ta hanyar ubangida da gaske, amma ba George ba. A gundumar Robertson ta jihar Tennessee akwai wani katafaren gandun taba da wani Joseph Washington ya kafa a ƙarshen ƙarni na 18, ya raɗa masa suna Wessyngton, wato tsohon rubutun da Malam ya ambata. A 1860 bayi 274 ne a wurin, kuma da yawa daga zuriyarsu Washington suke amsawa har yau. Wasu ma sunan sana'a ne: mawaƙiya Dinah Washington sunanta na haihuwa Ruth Lee Jones.

Ɗan Ƙofar Mata:

Na gode ƙwarai, Malam, na gode Malama. To amma wani abu ya rage mini. Idan sunan gari ne, me ya hana sauran mutanen garin su ma su amsa shi? Manoma da maƙeran ƙauyen fa? Sannan in mutum yana son ya bi sawun irin wannan suna, ko Washington ko Sutton ko Beckham, daga ina zai fara?

Baba Mai Rajista:

Yaro, tambayarka ta farko amsarta tana bakin ƙofarka. A cikin birnin Kano wa ake kira Bakano? Babu, don kowa Bakano ne, sunan ba zai bambanta kowa da kowa ba. Sai ka je Zariya ko Kumasi ake ce maka ɗan Kano. Haka ɗaliban makarantun kwana na zamanin Turawa suka samu sunayen garuruwansu: Ahmadu ya yi yawa a aji, sai a ce Ahmadu Rabah, wanda duniya ta sani daga baya da Ahmadu Bello. A Ingila ma mutum biyu ne ke ɗaukar sunan gari: wanda ya mallake shi, kamar William ɗin nan, da wanda ya bar shi ya koma wani wuri. Maƙerin da ya zauna a ƙauyen Smith ya zama, ɗan John ya zama Johnson, wanda gidansa ke gindin tudu ya zama Hill. Bambancinmu da su shi ne nasu ya daskare da wuri. Manyan masu ƙasa sun fara gadon suna bayan zuwan Normawa a 1066, zuwa wajen 1400 yawancin iyalan Ingila suna da sunan gado, arewa ta ɗan makara, Wales kuwa ta makara da ɗaruruwan shekaru.

Kafin ka buɗe kowace rajista, fara raba sunan gida biyu, domin aikin ya bambanta.

Akwai mai tushe ɗaya ko biyu. Beckham daga ƙauyuka biyu ne maƙwabtan juna a Norfolk. Attenborough daga Nottinghamshire. Entwistle da Duckworth da Ramsbottom ƙananan wurare ne a Lancashire, Murgatroyd kuma a yammacin Yorkshire. Irin waɗannan in ka zana su a taswira za ka ga sun taru kamar tururuwa a bakin rami, yawanci cikin tafiyar yini ɗaya ko biyu daga wurin da suka fito, don ƙaurar mutanen da ba ta nisa.

Akwai kuma mai tushe barkatai. Sutton ma'anarsa gandun kudu, Norton na arewa, Weston na yamma, Newton sabon gandu, Middleton na tsakiya. Kowanne akwai wurare da dama masu sunan a faɗin ƙasar, tamkar Sabon Gari ko Tudun Wada a wajenmu. Sutton biyu da suka haɗu a Landan ba su da dalilin zaton 'yan'uwa ne. Kama da wane ba ta wane.

Ƙarshen suna yana ba da haske kan yanki. Mai ƙarewa da by ko thorpe ko thwaite daga harshen mutanen Denmark da Norway ne da suka zauna gabas da arewa, don haka nemi Yorkshire, Lincolnshire, Cumbria. Mai ley sarari ne a cikin daji, ford mashigin rafi, worth wuri mai shinge. Ton da ham suna ko'ina, ba sa nuna yanki. Kuma ba kowane sunan wuri ne na Ingila ba: Percy, Neville, Montgomery da Disney garuruwan Faransa ne da suka ƙetaro da Normawa.

Aikin kansa daga yau ake fara shi a koma baya, tsara bayan tsara, ba a tsallake. Kuskuren da ya fi kashe bincike shi ne mutum ya fara daga William na 1183 yana neman hanyar saukowa zuwa kansa. Duk wanda ya yi haka sai ya ƙirƙiro gada inda babu.

A Ingila tsanin haka yake. Rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta gwamnati ta fara ranar 1 ga Yuli 1837, kuma shafin intanet na FreeBMD na da jerin sunayen kyauta. Ƙidaya mai sunayen mutane ta fara 1841, amma ta 1841 tana zagaye shekarun manya zuwa ƙasa, mai 44 a rubuta 40, kuma ba ta faɗin garin haihuwa. Daga 1851 ake samun wannan. Ta 1921 ce ta ƙarshe da aka buɗe, ta 1931 ta ƙone a gobara a 1942, a 1941 kuma yaƙi ya hana yi, sai a cike giɓin da rajistar 1939. Ƙidayar 1881 ita masu nazarin yaɗuwar suna suka fi amfani da ita, don an juye ta gaba ɗaya cikin kwamfuta tun tuni. Kafin 1837 sai rajistar coci, wadda aka ba da umarnin farawa a 1538, ko da yake coci kaɗan ne nasu ya tsira tun daga farkon. Ban da wannan akwai takardun harajin murhu na shekarun 1660, sannan harajin kai na 1377, 1379 da 1381. Na 1377 kwabo 4 ne kan duk wanda ya kai shekara 14. Waɗannan suna da daraja saboda sun faɗo daidai lokacin da sunaye ke daskarewa. Amma ga mai neman Washington akwai cikas: Durham ƙasar Bishop ce mai cin gashin kanta, ba ta cikin wannan harajin, sai dai a koma takardun Bishop da na babbar cocin Durham.

Wajen auna yawa, kada ka dogara da adadi tsura, don Landan za ta cinye kowane suna saboda yawan jama'arta. Raba masu sunan da yawan mutanen lardin, ka ninka da 100,000. A ce lardi mai mutum miliyan 2 yana da masu sunan 200, ka samu 10. Wani mai mutum 200,000 yana da 60, ka samu 30. Na biyun ne ya fi kusa da gidan sunan, ko da yake na farko ya fi shi kawuna.

Sai rubutu. Kafin ƙarni na 19 babu tsayayyen rubutun suna, limami yana rubuta abin da ya ji ne. Mutum ɗaya zai iya zama Wessington ranar da aka yi masa wankan coci, Washington ranar aure, Wasshington a wasiyya. Wasu sunayen ma sun bi lafazi sun rabu da rubutun garin: Lester daga Leicester, Wooster daga Worcester, Bristow kuwa tsohon sunan Bristol ne, garin ne ya canza ba iyalin ba.

Uwar Lissafi:

Baba ya gama da Ingila, bari in ƙara na Amurka, don tsanin can ya fi gajarta kuma yana da katanga.

Katangar ita ce 1870. Ita ce ƙidaya ta farko da aka rubuta 'yantattun bayi da sunayensu. A 1850 da 1860 an ƙidaya bayi a takarda daban, ƙarƙashin sunan ubangida, da shekaru da jinsi da launi kawai, babu suna. Don haka in ka bi wani Washington baya har 1870, kada ka yi saurin neman Bature mai sunan Washington a gundumar ka ce shi ne ubangidan. Duba maƙwabtan da ke shafi ɗaya da shi a ƙidayar, domin 'yantattu da yawa sun zauna kusa da inda aka bautar da su, sannan ka nemi wasiyyoyi da takardun rabon gadon fararen wurin, inda ake jera bayi da sunan yanka da kuɗinsu. Takardun hukumar kula da 'yantattu, wadda ta yi aiki daga 1865 zuwa 1872, da na bankin 'yantattu da ya rushe a 1874, suna da amfani ƙwarai: fam ɗin buɗe ajiya yakan tambayi sunan iyaye da 'yan'uwa, na farko-farkon har da sunan tsohon ubangida. Wanda ya yi soja cikin baƙaƙe kusan 179,000 da suka yi yaƙin basasar a ɓangaren jihohin Arewa, fayil ɗin fanshonsa yakan ƙunshi rantsuwar da ya bayyana dalilin da ya sa ya shiga soja da wani suna ya fito da wani. Shafin intanet na FamilySearch na da yawancin takardun hukumar da na bankin kyauta. Ƙidayar 1890 kuma kusan duka ta salwanta sakamakon gobarar 1921, sai a yi tsalle daga 1880 zuwa 1900.

Don kuskuren rubutu, jerin ƙidayoyin 1880 zuwa 1930 suna da tsarin Soundex mai tara sunaye bisa sauti. Ana riƙe harafin farko, a zubar da wasula da h, w, y, a ba sauran baƙaƙe lamba, a tsaya a uku. Washington: W, sai s ta ba da 2, n ta ba da 5, g ta ba da 2, ya zama W252. Wessington ma W252 ne, don haka nema ɗaya zai kamo su duka. Inda tsarin ke faɗuwa shi ne in mai juye rubutun ya karanta W ɗin farko a matsayin M, abin da ke faruwa da rubutun hannu na da. Sai a sake nema da M252.

Malam Mai Taska:

Ƙari ɗaya kan kwanan wata, don yana rikita masu haɗa rajistar Ingila da ta Virginia. Kafin 1752, Ingila da ƙasashen da take mulka suna kan tsohuwar kalanda, kuma sabuwar shekara a wajensu 25 ga Maris ce. Shi ya sa aka rubuta haihuwar George Washington 11 ga Fabrairu 1731, amma a lissafin yau 22 ga Fabrairu 1732 ne: an ƙara kwana 11, shekarar kuma ta matsa gaba. Duk ranar da ta faɗo tsakanin 1 ga Janairu da 24 ga Maris kafin 1752, rubuta ta da shekara biyu, 1731/32. In ba haka ba za ka ga an binne jariri a Fabrairu 1700 alhali an haife shi a Nuwamba 1700, ka ɗauka yara biyu ne masu suna ɗaya.

Gwajin ƙwayar halitta ta Y, wadda ɗa namiji ke gada daga uba kamar sunan, yana iya nuna ko maza biyu masu suna ɗaya sun haɗa kaka ta wajen uba. Namiji ne kawai ke iya yin sa, mace sai ta sa ɗan'uwanta ko baffanta. A ɗauki mai alamomi 37 ko sama, don mai 12 yakan haɗa ka da ɗaruruwan mutanen da kakanku ɗaya ya wuce zamanin da aka fara sunayen gado.